Daga Samaru zuwa Dundaye: ƙwallon ango da hirar 'yan wasan Jami'ar Ɗanfodiyo

Bayan ƙaramar sallah ne wani abokina da muka yi bautar ƙasa tare ya kira ni ya ce an sa ranar aurensa, in kuwa ban zo Sakkwato ba to kowa ya kama gabansa, ya kuma ce in taho da takalmin ƙwallo don abokansa na jami'a sun shirya wasan ango. Mutumin nan tun muna sansani ya ishe mu da labarin wai shi ya buga wa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo lamba shida, mu kuma muna masa dariya muna cewa ashe ana ƙwallo a can, ba karatu da zafin rana kawai ba. Ni ɗan Samaru ne, a gindin ABU na tashi, kuma mu mutanen Zariya in aka zo maganar wasannin jami'a muna da ɗan ɗaga hanci, tunda a wajenmu koci Oliver Johnson ɗan Amurka ya shafe shekaru yana koya wa yara ƙwallon kwando, a hannunsa Masai Ujiri ya fara, wanda ya je ya shugabanci Toronto Raptors har suka ci kofin NBA a 2019. Da wannan ɗagawar na shiga mota.

Sharon na samu, naira 16,000 kujera, direba ya ce jakata ma sai na ƙara wani abu, muka yi ta ja-in-ja har ya haƙura. Daga Zariya zuwa Giwa zuwa Funtuwa babu wani labari, barci na yi. Daga Funtuwa ne motar ta canza. Muna wuce Sheme muka nufi 'Yankara sai kowa ya yi tsit, wani ɗan kasuwa da tun daga tasha yake waya yana cinikin albasa ya mayar da wayar aljihu, wata Inna Basakkwata da ke bayana ta ciro carbi, direba kuwa idonsa na kan motocin da ke tahowa, in ya ga an ɗan jima babu wadda ta fito daga gaba sai ya rage gudu ya tsaya inda mutane suke ya tambaya, ya hanya. Wanda bai bi tsakanin 'Yankara da Tsafe a shekarun nan ba ba zai gane wannan shirun ba. Sai da muka hango dutsen Kwatarkwashi sannan aka fara tari ana gyara zama.

Shingaye kam ban ƙirga ba, suna da yawa. Wasu a ɗaga wa direba hannu ya wuce, wasu ya miƙa abin da ya saba miƙawa ba tare da ya taka birki sosai ba. A wani shinge kafin Gusau aka ce kowa ya sauko da jakarsa, mai kakin ya zuge tawa ya ga but da safa da jesi, ya dube ni ya dubi tumbina ya ce, Oga kai ne za ka buga ko kai wa wani za ka yi? Mota gaba ɗaya aka fashe da dariya har Inna, ta ce, ƙyale shi ɗana, ko tsohon doki ya san hanyar hage. Daga nan ta riƙe ni da hira har Sakkwato, jikarta na karatu a jami'ar, ita ce ma ta fara gaya min cewa yaran can da asuba suke gudunsu.

Mun ci abinci a Gusau, shinkafa da wake da mai da yaji naira 1,200, a Talata Mafara Inna ta saya min hoce ta ce ba a wuce nan ba a ci ba. Bunguɗu da Maru da Tureta da Dange da Shuni duk na gan su ta taga ne ina gumi. Tafiyar kusan kilomita 400 ce amma da tsaye-tsaye da ramuka da wuraren da ake aikin titi sai bayan la'asar muka shiga gari.

Zafin Sakkwato na bazara, to, ni dai na sha jin labari. Iskar da ke shigowa ta tagar mota kamar an buɗe maka murfin tukunyar tuwo a fuska take. Wayata ta nuna 43, kuma wai rana ta yi sanyi kenan. Na hau agwagwa da buje zuwa Runjin Sambo inda gidan su ango yake, naira 500, aka sauke mu baƙi a wani ɗaki na zaure mai fanka ɗaya, wuta ta ɗauke tun kafin isha, ƙarshe kowa ya ja tabarmarsa waje, ƙannen ango suka yayyafa wa ƙasa ruwa muka baje a ƙofar gida, layin gaba ɗaya haka ake kwana, kana jin hirar maƙwabta da kukan jarirai har barci ya ɗauke ka. Abin da ya cece ni a daren nan hura ce, da nono mai kauri da ƙanƙara, a ƙwarya, mahaifiyar ango ta aiko da ita. Duk furar da na sha a Zariya a rayuwata ban da wadda ta kama ƙafarta, wannan kam na sallama.

Da asuba ango ya tashe ni ya ce mu je in ga makarantarsu tun rana ba ta fito ba. Muka je Dandima inda ɗalibai ke hawa bas, muka nufi mazaunin jami'ar na dindindin a Dundaye. Hanyar ta ratsa fadamar kogin Rima, gonakin albasa da shinkafa da tattasai dama da hagu, raƙuma ɗauke da kaya suna tafiya a gefen kwalta ba ruwansu da hon. A Kwalkwalawa ango ya nuna min gada ya ce ambaliyar 2010 ta cinye hanyar nan, makaranta ta rabu da gari, sai zagaye mai nisa ko kwalekwale. Ya ce a lokacin yayansa na aji biyu, kuma su 'yan ƙwallon da ke zaune a cikin gari haka suka bar zuwa tirenin har aka gyara.

Ba mu kai filin wasa ba na fara ganin abin da Inna ta faɗa. Gari bai gama wayewa ba amma titunan cikin makaranta cike suke da masu gudu, wasu da jesin Barcelona wasu da na Arsenal, wasu 'yan mata su biyar da hijabi da dogon wando da kambas suna sassarfa a gefe guda. A fili ƙungiya biyu na tirenin lokaci ɗaya, kowa ya ɗauki rabi. Kafin ƙarfe takwas duk an watse. Ango ya ce haka tsarin yake, daga sallar asuba zuwa fitowar rana, sai kuma bayan la'asar sakaliya zuwa magariba, abin da ke tsakani na lakca ne da neman inuwa. A Samaru yara na iya buga ƙwallo ƙarfe goma sha ɗaya na safe cikin damina ba abin da zai same su, a nan wanda ya gwada haka a watan Afrilu sai dai a kwashe shi.

A bakin filin muka haɗu da kawun ango, dattijo ne da ya yi ritaya daga koyarwa, ya yi karatu a nan tun ana ce mata Jami'ar Sakkwato, shi aka ba alƙalancin wasan yamma. Na durƙusa na gaishe shi, ango ya ce Kawu ga Bazazzagin nan mai rena mu. Ya yi dariya ya ce zauna nan yaro. Muka zauna a kan benci ƙarƙashin dogon yaro, ya fara tun daga tushe.

An kafa jami'ar a 1975, tare da na Jos da Maiduguri da Kalaba da Ilorin da Fatakwal da Bayero ta Kano, Farfesa Shehu Galadanci ne shugabanta na farko, aka fara karatu a 1977 a mazaunin wucin gadi na cikin gari da ɗaliban digiri 93. Sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sai a 1988 aka sa mata. Kawu ya ce ka lissafa da kanka, mutum 93, ka cire mata, ka cire malaman makaranta magidanta da suka zo ƙaro ilimi da iyalinsu a gida, ka cire waɗanda ba su taɓa sa gajeren wando ba kuma ba su da niyya, nawa suka rage maka na ƙwallo? Alhali a lokacin gasar jami'o'in Najeriya, NUGA, ta haura shekara goma, tun 1966 aka fara ta a Ibadan, su Ibadan da Nsukka da Ife da Legas da ABU sun riga sun yi nisa, suna da filaye da kociyoyi da tsofaffin ɗalibai. Su kuwa a zamaninsu, ko da suka zo an ɗan ƙaru, mutum ɗaya ne zai buga ƙwallon ƙafa yau, gobe ya yi gudun mita 400, jibi a ce babu mai buga ƙwallon raga ya shiga.

Ya ce asalin ƙungiyar jami'a daga wasan tsangayoyi take fitowa, har yau haka ne, Noma ta kara da Shari'a, Ilimi ta kara da Kimiyya, 'yan likitanci su taho daga asibitin koyarwa a cikin gari, koci na tsaye a gefe yana zaɓen wanda ya ga yana da ƙafa. Daga nan sai wasannin share fage na shiyya da sauran makarantun arewa maso yamma, wanda ya tsallake shi ke zuwa babbar gasa.

Nan ne ya faɗi maganar da ta zauna min. Ya ce, ku Zazzau tsakiya kuke, mota na kai ku Kano ko Jos ko Kaduna kahin azahar, mu kau sai mun buga da hanya kahin mu buga da mutane. Ya ce lokacin da sunka tahi kudu wasa, kwana sunka yi cikin bas, gwiwa a maƙale da kujerar gaba, anka sauka ƙahwahu sun kumbura, ga ruwan sama ga ciyawa mai santsi, yaran da sunka saba da busasshiyar ƙasa mai tsalle da tamola sai ga su suna zamewa, abinci kuma ba tuwo ba hura. Da jiya-jiya ban bi hanyar nan ba da sai in ce uzuri ne irin na wanda aka ci. Amma ni da na yi Zariya zuwa Sakkwato kawai, a zaune, na sauka bayana na ciwo, ga shi Legas daga nan ta kai kilomita 1,000, Fatakwal ta fi haka, ko Maiduguri da muke cewa arewa ce sai ka ratsa Gusau da Kano da Potiskum da Damaturu. Zariya da Kano da Maiduguri duk sun taɓa karɓar baƙuncin NUGA, ta Zariya ta 2001 ina yaro na je kallo da ƙafata daga gida, ban taɓa tunanin yadda waɗanda suka zo daga nesa suka iso ba.

Wani matashi da ke sauraronmu, yana ajin ƙarshe, ya sa baki ya ce Baba ai yanzu ma hakan ne, abin da ya ƙaru shi ne tsoron hanya, iyaye da yawa in suka ji za a bi ta Zamfara ko ta Kwantagora sai su ce ɗansu ba ya zuwa. Shi ne ya kawo zancen gasar ƙwallon manyan makarantu ta HiFL da aka fara a 2018, wadda aka raɗa wa kowace jami'a suna irin na kulob, ta nan UDUS Sultans, ta Bayero BUK Stallions, tamu ABU Nobles, ta Maiduguri Desert Warriors. Jami'ar Noma ta Makurdi ce ta ɗauki kofin farko, Kalaba ta ɗauka a 2019, sai Maiduguri ta ɗauka a 2021. Ya ce ranar da Maiduguri ta ci, a hostal ɗinsu an yi murna kamar su suka ci, don in 'yan can ƙarshen gabas da duk abin da suka gani za su iya zuwa Legas su ɗauko kofi, to nisa bai isa ya hana kowa ba. Kawu ya ce wannan gaskiya ne, amma a tambayi 'yan Maidugurin awa nawa sunka yi a mota.

Sai kuma yajin aiki. NUGA ta 2022 da aka yi a Jami'ar Legas cikin watan Maris ta faɗo ne ana tsakiyar yajin aikin ASUU da aka fara a Fabrairu aka kai Oktoba, wata takwas, Fatakwal ce ta zo ta ɗaya a yawan lambobi. Matashin ya ce ƙungiyar jami'a ba kamar kulob ba ce, duk shekara mafi gwanintarku ne ke gamawa su tafi, in aka haɗa da dogon hutu na dole sai a dawo a tarar gola ya yi aure ya yi ƙiba, mai lamba tara ya tafi Libiya. Aka yi dariya amma ba da wasa ya faɗa ba.

Da rana ba a iya komai, mun koma gari mun leƙa Hubbaren Shehu na yi addu'a, muka wuce ta ƙofar fadar Sarkin Musulmi, muka bi ta dandalin Shehu Kangiwa. Ango ya tuna min cewa gwamnan da aka sa wa filin sunansa a fagen wasa ya rasu, faɗowa ya yi daga doki yana wasan folo a Kaduna a watan Nuwamban 1981. A hanyar komawa Dundaye muka tsaya Kwalkwalawa muka ci soyayyen kifi da yaji, na naira 2,000 ya ishe mu mu biyu.

Wasan ango an fara shi biyar saura. Tsofaffin 'yan jami'a gefe guda da jesi kore, mu abokan ango na wasu garuruwa da fari, an sa ni lamba biyu. Ƙasar filin ta sha rana tun safe, zafinta na ratso tafin but, ƙwallo in ta faɗi ba ta kwanciya, sai ta yi sama ta wuce inda ka sa ƙafa. Su kuwa sun san abinsu, ba sa dogon bugu, ba sa gudun banza, ƙasa-ƙasa suke ba juna, su bar ka ka yi ta bin iska har harshenka ya fito. Wani siriri da aka ce yanzu ma'aikacin banki ne a Birnin Kebbi ya zuba min ƙwallo ta tsakanin ƙafa, yaran ƙauyukan cikin makaranta da suka zagaye filin suka saka ihu, wani ƙarami mai tallan fiya wata ya ce, Bazazzagi ya zube! Kawu da usur a baki da hula a kai yana tsayar da wasa duk bayan ɗan lokaci a sha ruwa, kuma da ango ya faɗi a cikin da'ira ba wanda ya taɓa shi sai ya hura fenariti, muka yi ca, ya ce ango ba ya hwaɗuwa banza ranar bukinai. An tashi 3 da 1. Lamba shidan nan kuwa ashe da gaske ne, ko da tumbi ya iya raba ƙwallo.

Abin da ban zata ba sai washegari da yamma, bayan ɗaurin aure. Wani ƙanen ango ya ja ni filin wasa na Giginya, inda Sokoto United ke buga wasanninta, sunan kuma na wurin da aka gwabza da Turawa ne a 1903 zamanin Sarkin Musulmi Attahiru. Ni na ɗauka ƙwallon ƙafa za mu kalla, sai ya zarce da ni filin ƙwallon hannu, na tarar da yara maza da mata, wasu ba su fi shekara goma sha biyu ba, suna tirenin da gaske, koci na daka musu tsawa, wata yarinya baƙa siririya ta yi tsalle ta narka wa gola ƙwallo sai da raga ta girgiza. Ashe Sakkwato gidan ƙwallon hannu ce, ƙungiyarsu Rima Strikers sananniya ce a gasar ƙasa, an kuma sha kawo gasar yara ta ƙasa nan garin. Yaron ya ce da yawan masu buga wa jami'a ƙwallon hannu daga wannan filin suka taso, sun iya tun kafin su ci JAMB. A raina na ce to ga ƙwallon kwandon Zariya na Sakkwatawa, kuma in da ni ke rabon kuɗin wasanni a nan zan zuba, don an riga an yi rabin aikin.

A wurin ma na ji ana musun kokawa, wasu 'yan Illela na zancen gasar kokawa ta ƙasar Nijar, wadda ake ba zakaranta takobi, da ɗan kokawa Issaka Issaka na Dosso, gasar da aka fara a Tawa a 1975, shekara ɗaya da jami'ar. Konni ta Nijar ba ta da nisa daga nan, ana bin kokawar can a rediyo da waya kamar yadda muke bin gasar Ingila. Wani ya ce da za a sa kokawa da dambe da langa cikin wasannin jami'o'i da kudu ma ta ji yadda ake ji, aka ce masa to ya rubuta takarda.

Dawowa na yi sammako, na sayi kilishi na naira 5,000 na tsaraba, mota ta tashi bakwai don direba ya ce ba ya son la'asar ta same shi bai wuce Tsafe ba, kuma Allah ya kiyaye muka iso lafiya. Kafin in taho Kawu ya ba ni saƙo, wai a zamaninsu akwai wani gola na ABU, dogo, bahago, yana karatu a harabar ABU ta Kongo da ke Zariya, da ya taɓa kaɗe masa fenariti, kuma bayan wasa ya kai su ya saya musu shayi su duka, yana so ya san ko yana raye. Na fara cigiya a majalisar dattawan da ke zama kusa da kasuwar Samaru, wani ya ce kamar ya gane shi, ya ce in dawo ranar Juma'a zai tambayo min yayansa.